Minti Huɗu Saura Ƙiris: Tarihin Likita Roger Bannister da Tseren Mil Ɗaya

Duk mai riƙe da babbar waya a cikinmu, da wuya a ce bai taɓa cin karo da labarin nan ba, ko a Facebook, ko a WhatsApp, ko a bakin masu laccar ƙarfafa gwiwa. Cewa ake yi wai a da likitocin duniya sun yanke hukunci ɗan Adam ba zai iya gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu ba, duk wanda ya gwada zuciyarsa za ta buga. Sai wani Bature ya ƙi yarda, ya sa wa ransa zai iya, kuma ya yi. Daga nan wai 'yan tsere suka yi ta tuttuɗowa kamar an buɗe wa awaki shinge. Sai mai laccar ya rufe da cewa kai ma ka yarda da kanka, shi ke nan ka gama.

Baturen dai an yi shi, sunansa Roger Bannister, kuma ya yi gudun. Sauran labarin ne aka zuba wa gishiri. Shi kansa Bannister, wanda ɗalibin likitanci ne a lokacin, ya sha bayyana cewa zancen jiki ba zai iya ba masu rubuta labarin wasanni ne suka kambama shi. Batun tuttuɗowa kuwa, mutum ɗaya ne kacal ya biyo sahunsa a shekarar 1954, sai da aka shekara sannan wasu uku suka ƙaru. Ainihin labarin ya fi na wayar daɗi, kuma ya fi shi amfani gare mu, domin a cikinsa akwai faɗuwa, da lissafi, da abokai, da filin da aka auna, da mutumin da ya san lokacin da ya dace ya ajiye takalmi.

Mene ne mil ɗaya?

Mu mutanen Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi da Kauran Namoda ba baƙi ba ne ga kalmar mil. Dattawanmu da mil suke lissafin tafiya kafin kilomita ta zo, kuma har yau akwai unguwar da ake kira Mil Tara a Kano. Mil ɗaya yadi 1,760 ne, wato mita 1,609. Idan filin ƙwallo cikakke ne, sai an zagaye shi kusan sau biyar. A filin tsere irin na Turawan wancan zamani zagaye huɗu ne cif, kowane zagaye yadi 440.

Minti huɗu daƙiƙa 240 ne. Wanda zai cinye mil ɗaya a cikinsu dole ya riƙa yin mita 100 cikin daƙiƙa 15 ba ƙiris, sau goma sha shida a jere, babu tsayawa. Saurayi mai lafiya zai iya yin na farko. Na biyu da na uku ne ke tona asiri. Wannan shi ake kira tseren matsakaicin zango, daga mita 800 zuwa mil ɗaya ko sama kaɗan: ya fi ƙarfin mai sauri kawai, kuma ya fi ƙarfin mai juriya kawai, sai wanda ya haɗa biyun. Abin da ya sa mil ya ja hankalin Turawan Ingila kuwa shi ne lissafinsa ya zauna daidai, zagaye huɗu, minti huɗu, kowane zagaye minti ɗaya. Ko wanda bai taɓa gudu ba zai iya riƙe agogo ya gane.

Yaron da yaƙi ya kora

An haifi Roger Gilbert Bannister ranar 23 ga Maris, 1929, a Harrow da ke gefen Landan, shekarar da layin dogo daga Zariya ya iso Kauran Namoda. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, ɗan asalin yankin Lancashire, ba mai sarauta ba, ba attajiri ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, iyalin suka koma garin Bath. Can ma ba su tsira ba, domin a watan Afrilun 1942 jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, har gidansu ya samu lahani suna fake a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bath gari ne mai tuddai, kuma yaron da gudu yake hawa da sauka zuwa makaranta. Sau uku a jere yana lashe tseren daji na ƙananan ɗaliban makarantarsu.

A 1945 mahaifinsa ya kai shi filin wasa na White City a Landan, ya ga Sydney Wooderson, wani ɗan siririn mutum mai tabarau, yana fafatawa da Arne Andersson na ƙasar Suwidin. Wooderson bai yi nasara ba a ranar, amma yaron ya koma gida da sha'awar abin a ransa.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda tarihin mil yake a lokacin, domin a nan ne labarin waya ya fara karkacewa. Wooderson ne ya kafa tarihin minti 4 da daƙiƙa 6.4 a 1937. Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka yayin da samarin sauran ƙasashe ke bakin daga, 'yan ƙasarta biyu, Gunder Hägg da Andersson, suka yi ta karɓe tarihin daga hannun juna tsakanin 1942 da 1945, har Hägg ya sauko da shi minti 4 da daƙiƙa 1.4 a watan Yulin 1945. Saura daƙiƙa ɗaya da rabi ke nan. Sai hukumar wasannin ƙasarsu ta dakatar da su duka biyun a 1946 saboda karɓar kuɗin tsere, abin da dokar wancan zamani ta hana. Sauran Turai kuwa tana fama da kufai da ƙarancin abinci. Abin da ya sa tarihin Hägg ya kusa shekara tara ba a taɓa shi ba ke nan: yaƙi ya cinye samari, yunwa ta raunana waɗanda suka saura, an kuma kori gwanaye biyun da suka fi kowa kusa.

Ɗalibin da ya share ƙanƙara

A ƙarshen 1946, yana da shekara 17, Bannister ya shiga Jami'ar Oxford don karatun likita. Ba a ɗauke shi wani gwani ba. Hunturun shekarar ya yi tsanani, ƙanƙara ta rufe filin tseren jami'ar da ke titin Iffley, shi kuwa ya riƙa ɗaukar shebur yana sharewa. Wannan hidima ta taimaka aka ba shi gurbi na uku a tseren mil tsakanin Oxford da Cambridge a watan Maris na 1947, gurbin da aikinsa shi ne share wa manya hanya. Sai ya wuce su duka, ya gama a minti 4 da daƙiƙa 30.8.

Da ya zama shugaban ƙungiyar 'yan tseren jami'ar, ya tsaya kai da fata sai an sake gina filin na Iffley. Tsohon filin ba shi da daidaito, akwai gangara da hawa, kuma zagaye uku ne ke yin mil. Aka rushe shi aka shimfiɗa sabo mai yadi 440, aka daɓe shi da tokar kwal. A kan wannan filin da ya taimaka aka gina ne zai kafa tarihi bayan 'yan shekaru.

An sa sunansa cikin waɗanda ake ganin za su iya shiga gasar Olamfik ta 1948 a Landan, amma ya ce bai nuna ba tukuna. A 1950 ya ci lambar tagulla a tseren mita 800 na gasar Turai a Brussels. A 1951 ya je Philadelphia ta Amurka ya lashe tseren mil. Jaridun Ingila suka sa masa ido, suka ce shi ne zai kawo zinare daga Helsinki a 1952.

Faɗuwar Helsinki

Bannister ba ya atisaye da yawa, kuma ba shi da mai horarwa a lokacin, karatu ya cinye masa lokaci. Ya yi shiri a kan cewa tsere biyu zai yi a mita 1,500, na share fage da na ƙarshe, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ana gab da fara gasar aka ƙara zagayen kusa da na ƙarshe, ya zama tsere uku cikin kwana uku. Ya isa ranar ƙarshe a gajiye. Josy Barthel na ƙaramar ƙasar Luxembourg ne ya ci zinare, Bannister ya zo na huɗu. Ya kafa sabon tarihin Birtaniya na minti 3 da daƙiƙa 46, amma na huɗu ba shi da lamba. Jaridun da suka ɗaga shi suka juyo kansa, suka ce girman kai ne ya hana shi neman mai horarwa.

Daga baya ya bayyana cewa da ya ci zinare a Helsinki, da ya bar tsere tun a lokacin ya fuskanci asibiti. Ke nan faɗuwar ce ta haifi abin da duniya ta san shi da shi. Ya yi makonni yana shawara da zuciyarsa, sannan ya ba kansa shekara biyu, ya kuma zaɓi abin da zai nema: minti huɗu.

Ba shi kaɗai ke nema ba. A Ostireliya akwai John Landy, wanda ya yi minti 4 da daƙiƙa 2.1 a Disambar 1952, ya kuma yi ta maimaita kusan haka. A Amurka akwai Wes Santee, wanda ya yi minti 4 da daƙiƙa 2.4 a 1953. Kowannensu yana karanta labarin ɗan'uwansa a jarida yana lissafin kwanaki.

Atisayen lokacin cin abincin rana

A lokacin Bannister ya koma asibitin St Mary's da ke Landan don kammala karatunsa. Lokacin da yake da shi na atisaye shi ne hutun cin abincin rana. Sai ya ruga wani filin unguwar Paddington, ya yi abin da zai yi cikin ƙasa da awa ɗaya, ya dawo wajen marasa lafiya. Tsarinsa lissafi ne zalla: zagaye goma na yadi 440, da hutun minti biyu a tsakanin kowanne. Ya fara da daƙiƙa 66 a kowane zagaye, yana ragewa a hankali cikin watanni, da nufin ya kai 60. Tun yana Oxford ya yi bincike a kan numfashin mai gudu, inda ya riƙa hawa injin gudu na ɗakin gwaje-gwaje yana shaƙar iska iri-iri, ana auna lokacin da ƙarfinsa zai ƙare. Wanda ya yi wannan ya san babu wata katanga a minti huɗu. Abin da ya rage shi ne yadda za a raba ƙarfi daidai a kan zagaye huɗu.

Ya kuma koyi darasin Helsinki, ya daina aikin kaɗaici. Ya haɗu da abokai biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, da mai horar da su, Franz Stampfl, mutumin Ostiriya. Shirinsu shi ne Brasher ya ja gaba a zagaye biyu na farko, Chataway ya karɓa ya kai shi cikin na huɗu, shi kuwa Bannister ya bi bayansu, su tare masa iska, su ɗauke masa wahalar tunanin sauri, ya adana ƙarfinsa sai ƙarshe.

Sun taɓa yin wayon da bai karɓu ba. A watan Yunin 1953 aka cusa wani tseren mil na musamman cikin gasar 'yan makaranta a Motspur Park, Brasher ya riƙa tafiya a hankali da gangan har Bannister ya zagayo ya cim masa, don ya ja shi a ƙarshe. Bannister ya yi minti 4 da daƙiƙa 2, amma hukumar wasannin Birtaniya ta ƙi amincewa, ta ce wannan ba tseren gaskiya ba ne. Shi ma daga baya ya yarda an yi daidai. Daga nan suka san dole abin ya kasance cikin gasa ta sosai, kowa ya fara, kowa ya gama.

Alhamis, 6 ga Mayu, 1954

Ranar Alhamis ce, irin ranar da a wajenmu ake cin kasuwar Shinkafi. A nan ƙasarmu, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato, ana cikin kwanakin farko na azumin shekarar 1373, ga zafin bazara, manoma na duban gabas. Sashen Hausa na BBC ma ba a buɗe shi ba sai 1957. A Ingila kuwa gari ya waye da iska mai ƙarfi da yayyafi.

Da safe Bannister ya je asibiti, ya wasa ƙusoshin takalminsa a kan dutsen washi na ɗakin gwaje-gwaje, ya shafa musu baƙin garin fensir don kada tokar fili ta manne. Ya hau jirgin ƙasa daga Paddington zuwa Oxford, a ciki ya yi kiciɓis da Stampfl. Ya gaya masa yana ganin a fasa saboda iska. Stampfl ya nuna masa cewa Landy na kan hanyar zuwa Turai, Santee ma na shiri, idan ya bar yau mai yiwuwa ba zai sake samun dama ba.

Gasar tsakanin ƙungiyar 'yan wasan Ingila ce da Jami'ar Oxford, 'yan kallo kimanin 3,000. Har ana saura 'yan mintoci Bannister bai yanke shawara ba, yana ta kallon tutar da ke kan hasumiyar wata coci a tsallaken titi. Wajen ƙarfe shida na yamma tutar ta lanƙwashe, alamar iska ta lafa. Ya ce a yi.

Brasher ya yi riga-malam-masallaci, aka dawo da su. A karo na biyu suka tashi. Bannister, wanda ya huta kwana biyar bai yi gudu ba, ya ji jikinsa sakayau, ya yi wa Brasher tsawa ya ƙara sauri. Brasher ya yi kunnen uwar shegu da shi, kuma wannan ƙin ji ne ya ceci ranar, domin zagayen farko ya riga ya zo a daƙiƙa 57.5, da an ƙara da ƙarfi ya ƙare tun kafin ƙarshe. Rabin mil ya zo a minti 1 da daƙiƙa 58. Chataway ya karɓa. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, agogo ya nuna minti 3 da ɗan ɗigo, ke nan dole a yi na ƙarshen cikin daƙiƙa 59. Saura fiye da rabin zagaye Bannister ya fita daga bayan Chataway ya wuce, kai a ɗage, baki a buɗe. Yana taɓa zaren ƙarshe ya zube a hannun mutane, ganinsa ya dushe.

Mai sanarwa a ranar Norris McWhirter ne, wanda shi da tagwayensa suka fara haɗa littafin bajinta na Guinness a 1955. Ya ja zancen da gangan, yana jero tarihin da aka karya ɗaya bayan ɗaya, na fili, na Ingila, na Turai, na duniya. Da ya zo faɗin lokaci, yana furta “uku” ihu ya haɗiye sauran. Lokacin shi ne minti 3 da daƙiƙa 59.4.

Kwana 46

Abin da masu lacca ba su cika faɗa ba shi ne tarihin bai daɗe ba. Ranar 21 ga Yuni, a garin Turku na ƙasar Finland, Landy ya yi minti 3 da daƙiƙa 57.9, wanda aka rubuta 58 bisa ƙa'idar lokacin. Wanda ya bi shi a baya ya matsa masa lamba har ya yi wannan gudu kuwa Chataway ne. Kwana 46 kacal Bannister ya yi yana riƙe da kambun. Ba a kuma cika tuna cewa kwana 23 bayan gudun Oxford, wata 'yar Ingila mai suna Diane Leather ta zama mace ta farko da ta yi mil ƙasa da minti biyar ba, a Birmingham. Hukumar duniya ba ta lissafa tseren mil na mata a lokacin, saboda haka ba a yi mata ko rabin shagalin da aka yi masa ba.

Yanzu duniya na da mutum biyu da suka sauka ƙasa da minti huɗu, kuma za su haɗu ranar 7 ga Agusta a Vancouver ta Kanada, a gasar ƙasashe renon Ingila. Mutane da yawa a lokacin suna ganin gudun Oxford shiri ne na abokai, wannan ne zai nuna gwani. Landy irin mai ja gaba ne tun daga farko, Bannister kuwa mai ajiye ƙarfi ne. Landy ya ba da rata mai yawa a zagaye na biyu, Bannister ya riƙa cike ta a hankali. A kwanar ƙarshe Landy ya waiga ta kafaɗar hagu don ya ga inda abokin karawarsa yake, a daidai lokacin Bannister ya wuce shi ta dama. Bannister ya gama a minti 3 da daƙiƙa 58.8, Landy a 59.6. An kafa mutum-mutumin wannan waige a Vancouver. Sai daga baya aka san Landy ya yi tseren ne da ɗinki a tafin ƙafa, ya taka fasasshen ƙwan fitilar mai ɗaukar hoto kafin ranar, ya ɓoye don kada a ce yana neman uzuri.

A wannan gasa ta Vancouver Nijeriya ma ta shiga tarihi. Emmanuel Ifeajuna, saurayi ɗan shekara 19, ya tsallake ƙafa 6 da inci 8 a tsallen sama da takalmi a ƙafa ɗaya, ya ci zinare, baƙar fatan Afirka na farko da ya yi haka a babbar gasar duniya. An yi shekaru ana buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Mu a Arewa da wani abu dabam muka san sunan: yana cikin manjojin da suka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, shi ne ya jagoranci ɓangaren Legas inda aka kama Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe shi, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna. Shi ma an harbe shi a Enugu a watan Satumbar 1967. Samari biyu sun karɓi zinare a fili ɗaya cikin mako ɗaya, abin da kowannensu ya yi bayan tafi ya lafa shi ne ya raba su.

Ajiye takalmi

Ranar 29 ga Agustan 1954 Bannister ya ci zinaren mita 1,500 na gasar Turai a Bern, cikin minti 3 da daƙiƙa 43.8. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar da barin tsere. Shekarunsa 25, ya kuma kammala jarrabawar zama likita a cikin waɗannan watanni. Bai samu kuɗi daga gudu ba, domin dokar zamanin ta hana.

Ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya kuma zaɓi wani lungu da ba a cika kula da shi ba, wato jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba: masu tafiyar da bugun zuciya, da hawa da saukar jini, da zufa, da narkar da abinci. Lokacin da yake aikin soja na dole an tura shi Aden, a ƙasar Yaman ta yau, ya binciki dalilin da zafi ke kashe sojoji, har ya riƙa gwaji a jikinsa. Mu da muka san zafin watan Afrilu mun san wannan bincike ba na wasa ba ne. Ya yi aiki shekaru masu yawa a babban asibitin cututtukan jijiyoyi na Queen Square a Landan, ya kuma shirya littattafan da ɗaliban likitanci suka daɗe suna karantawa.

Daga 1971 zuwa 1974 ya shugabanci Majalisar Wasanni ta Birtaniya, inda ya tsaya aka samar da hanyar gwada 'yan wasa masu shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi. A 1975 Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir, kuma a shekarar ne haɗarin mota ya lalata masa idon sawu, bai ƙara gudu ba. Ya shugabanci Kwalejin Pembroke ta Oxford daga 1985 zuwa 1993. A 2011 aka gano yana da cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, ɗaya daga cikin cututtukan da ya shafe rayuwarsa yana duba masu ita. Ya mutu a Oxford ranar 3 ga Maris, 2018, saura kwana 20 ya cika shekara 89. Sau da yawa idan aka tambaye shi, yakan ce ya fi son a tuna da shi saboda shekaru arba'in na asibiti a kan minti huɗu na fili.

Abokansa ma ba su ɓace ba. Chataway ya kafa tarihin duniya na mita 5,000 a Oktoban 1954, daga baya ya zama ɗan majalisa kuma minista. Brasher, wanda ake ɗauka ɗan rakiya, ya ci zinaren Olamfik a 1956 a tseren mita 3,000 mai tsallake shinge, abin da Bannister bai taɓa samu ba, kuma yana cikin mutum biyun da suka kafa gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Landan a 1981.

Inda tarihin yake yau, da inda muke

Tarihin mil ya bar hannun Turawa. Filbert Bayi na Tanzaniya ya karɓe shi a 1975 da minti 3 da daƙiƙa 51. 'Yan Ingila uku, Sebastian Coe da Steve Ovett da Steve Cram, sun dawo da shi gida tsakanin 1979 da 1985. Sai Noureddine Morceli na Aljeriya ya ɗauke a 1993, sannan Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi minti 3 da daƙiƙa 43.13 a birnin Rum ranar 7 ga Yulin 1999. Da za a jera shi da Bannister na 1954, da ya gama ya bar shi da ratar fiye da mita 100. Fiye da mutum 1,500 sun sauka ƙasa da minti huɗu zuwa yau. Biyun ƙarshen nan da suka riƙe kambun maƙwabtanmu ne, hamada ce kawai tsakaninmu da su.

Nijeriya an san ta da gajeren tsere da tsalle. Chioma Ajunwa ta ci zinaren Olamfik a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Tobi Amusan kuma ta kafa tarihin duniya a tseren shinge a 2022. A matsakaicin zango kuwa ba a jin ɗuriyarmu. Amma duk wanda ya taɓa ganin 'yan farauta sun bi zomo da rani, ko yaro makiyayi ya tare garken da ya nufi gonar wani, ko ɗan langa ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya har abokansa su gaji, ya san ƙafa da huhu ba su ne muka rasa ba. Dambe da kokawa sun samu makaɗa, shi ya sa muka san sunayen gwanayensu. Gudu bai samu makaɗi ba, bai kuma samu agogo ba, saboda haka gwanayensa suka tsufa suka mutu ba a rubuta komai ba.

Idan muka tattara abin da Bannister ya samu, ba shi da yawa: fili da aka auna, mutanen da suka riƙe agogo suka rubuta, abokai biyu da suka yarda su gaji don wani ya yi suna, da ƙasar da yaƙinta ya ƙare. Agogon yanzu yana cikin kowace wayar da ake karanta wannan rubutu da ita. Auna fili aikin igiya ne da malamin lissafi ɗaya. Abokai kuwa al'adarmu ta gayya ta riga ta koya mana.

Na huɗun ne ya fi ƙarfinmu a yau. Shekaru ke nan kalmar gudu a yankinmu ta koma nufin gudun ceton rai da gudun hijira. Akwai yaranmu da suka yi mil biyar cikin dare, ba takalmi, da ƙani a goye, akwai makarantun da filayensu suka zama masaukin waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Ba za mu ce wa irin waɗannan yara su yarda da kansu kawai ba, zai zama cin fuska. Abin da za mu iya gaya musu shi ne mutumin nan ma yana ɗan shekara 13 ya kwana a ɓoye ana ruwan wuta a kan garinsu, kuma shekara 12 bayan haka ya yi gudun da ba wanda ya kore shi. Inda makaranta ke buɗe a Kaura ko Shinkafi ko Zurmi ko nan Birnin Tsaba, a auna fili, a tara yara, a danna agogo, a rubuta suna da lokaci a littafi, a adana. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya nuna mana ranar da yaranmu za su yi gudu don nishaɗi.